Dunduniyar Dama

Ranar da labarin ya same ni, ina tsaye ne a bakin tebur da buroshi a hannuna. Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe. Ina share koren ƙyallen teburin sinuka, daga sama zuwa ƙasa, sai wayata ta yi ƙara a bakin taga. Na ga sunan mijina, na ɗauka ina dariya, don na san zai ce ya manta abin da ya fita saye.

Muryar da na ji ba tasa ba ce.

"Ke ce matar mai wayar nan?"

"Ni ce."

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota. Mun kai shi asibiti, amma..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ban yi ihu ba. Na ajiye wayar, na ƙarasa share rabin teburin da ya rage, har yau ban san dalili ba. Sai da na kai ƙarshe na sulale ƙasa, na jingina da ƙafar teburin. A nan Yayata ta zo ta same ni.

Yau shekara biyu ke nan da wata uku.

'Yan uwana masu karatu, bari in gaya muku ko wane ne shi. Mai Tebur ake ce masa a layinmu, har ni ma haka nake kiransa in ina son tsokanarsa. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, sai wani babban ɗaki da ƙofarsa ke kallon titi. A nan teburin yake, da kujerun roba shida, da fanka mai kuka, da sanduna takwas a jere jikin bango. Ƙafarsa ta dama ta gaza ta hagu tsawo da kamar yatsa biyu, tun wata karaya da ya yi yana yaro. In zai fita yakan sa takalmi mai kaurin ƙasa a dama, ba mai gane komai. Amma in zai yi wasa sai ya tuɓe takalman ya ajiye a bakin ƙofa. Ya ce shi sai tafin ƙafarsa ya ji siminti yake sanin inda yake tsaye.

Da farko ni raina wasan na yi.

"Ƙatti da gemunsu, sun kewaye tebur suna tsokanar ƙwallo da sanda," na ce masa wata safiya ina shara. "Ko ni da ban taɓa ba sai in zura."

Ya miƙo mini sanda. "Bismillah, Hajiya."

Na karɓa, na sunkuya, na daka. Farar ƙwallon ta yi tsalle ta bar teburin, ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Madalla," ya ce. "Kin riƙe ta kamar za ki kori akuya daga kicin."

Daga ranar, kullum da safe kafin a buɗe ƙofa, sai ya koya mini. Yana da wata hanyar awo da yake ji da ita kamar me. Ya ce kusan duk bugun da za a yi a kan tebur iri huɗu ne: ko farar ƙwallo ta rufe wadda za a buga gaba ɗaya, ko ta rufe kashi uku cikin huɗu, ko rabi, ko kwata. Ni ban yi nisa a makaranta ba, wannan kashi-kashin ya ƙi shiga kaina. Sai ya ɗauko lemo biyu daga kicin, ya riƙe ɗaya a gaban ɗaya daidai idona, yana gusawa a hankali.

"Nawa kike gani na na baya?"

"Rabi."

"To shi ke nan, kin gama jami'a. Saura ƙafa."

A kan ƙafar nan muka fi daɗewa. Ya ja layi da alli a siminti, daga ƙarƙashin tebur har bango.

"A tsaye ake awo," ya ce. "Ki ja baya taku biyu. Ki kalli ƙwallon, ki yanke shawara, rabi ce ko kwata. Kin ga layin da sandar za ta bi? Ɗora ƙafarki ta dama a kansa. Ta hagu ta yi gaba, ta ɗan fita gefe, faɗin kafaɗarki. Lanƙwasa gwiwar hagu. Yanzu sauko a hankali har haɓarki ta kusa taɓa sanda."

"In na sauko na ga ba daidai ba fa?"

"Ki tashi."

"Ba sai in ɗan gusa hannu ba?"

"Ki tashi, na ce. In ƙafa ta yi kuskure, hannu ba ya gyara mata. Ki koma baya ki sake shigowa."

Maganarsa tana shiga kunnena, amma gaskiya da ido na fi koya. In ya tsaya sai in tsaya a bayansa in kwaikwayi komai: yadda yake jan numfashi, yadda yake buɗe yatsun hagu a kan ƙyalle, yadda yake taɓa hancinsa kafin ya sauka. Nakan sa doguwar riga da wando a ciki, in tattare hijabina in maƙale shi da fil a kafaɗa don kada ya taɓa ƙwallo. Shekara shida muna haka. Ban taɓa cinye shi ba. In na kuskure yakan ce saura kaɗan, ni kuma in ce teburinsa ne a karkace.

Bayan rasuwarsa ƙanensa ya karɓi yamma, lokacin da maza ke zuwa. Safiya kuma ta zama tawa. Wata nas ce ta fara leƙowa ta ce in koya mata, ta kawo ƙawarta, sai wata malamar makaranta, sai mai kitson bakin layi. Ina gaya musu abin da ya gaya mini, kalma da kalma. Abin mamaki, cikin wata uku suka fara zurawa, ni kuwa malamarsu ƙwallona na dukan leɓen rami ta dawo. Kullum gefe ɗaya, kullum ɗan kaɗan.

Sai ciwon baya ya zo. Da farko tsaki kawai nake yi, daga baya ya kai sai na dafa bango nake miƙewa. Likita ya danna nan ya danna can, ya ce ƙuguna ne ke wahala, in daina duk abin da ke sa ni sunkuyo.

Ranar da Inna ta ji haka, ita da Yaya suka zo tare. Inna ta zauna a kujerar falo ba ta ko cire mayafinta ba.

"Na ba ki zuwa ƙarshen wata," ta ce. "In ciwon bayan nan bai daina ba, mijin Yayarki zai zo da mota a fitar da teburin nan, ke kuma ki tattaro ki dawo gida. Na rasa suruki, ba zan zauna ina kallo 'yata ta koma tafiya da sanda ba."

"Inna, teburin nan shi ne..."

"Na san ko mene ne. Katako ne."

Yaya ta gyara zama, ta rage murya kamar Inna ba ta ji. "Ga kuma bawan Allahn nan na tsallaken titi, wata huɗu yana jiran amsa. Daga Mai Tebur zuwa Mai Takalmi, ai ko titi ba sai kin bari ba."

"Yaya, don Allah."

"Ƙarya na yi? In kin tofa yawu daga tagarki a rumfarsa zai sauka."

Mai Takalmi mutum ne dogo, marar hayaniya, matarsa ta rasu shekara biyar da suka wuce. Shi yake yi wa mijina takalmin nan mai kauri tun kafin mu yi aure. Ya aiko ta hannun mijin Yaya cewa yana so, in ina so. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kullum bayan ya buɗe rumfa sai saƙon murya ya shigo, daƙiƙa bakwai ko takwas, ba ya wuce haka.

"Salamu alaikum. Kin tashi lafiya? Yaya jikin? Allah ya ƙara sauƙi."

Ni kuma in rubuta: Lafiya lau, na gode.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, ya yi sallama a ƙofar ɗakin tebur da safe. Silifas ɗina ne a hannunsa, waɗanda nake sawa a bakin tebur. Igiyarsu ta tsinke, Yaya ta kai masa ba da sanina ba. Matan nan huɗu duk suna ciki. Mai kitso ta kalle ni ta ɗaga gira har sai da ɗankwalinta ya motsa.

"Na gyara," ya ce, idonsa a ƙasa. "Amma akwai abin da na gani, in ba za ki damu ba."

Ya juya silifas ɗin. Na hagu ya cinye ko'ina daidai. Na dama kuwa gabansa ya siɗe har ya kusa hujewa, dunduniyar tana nan kamar jiya aka sayo.

"Ko za ki buga ɗaya in gani?"

Na so in ƙi, amma ɗalibaina na kallona. Na ja baya taku biyu, na auna, rabi ce. Na ɗora ƙafar dama a layi, na shiga, na sauka, na buga. Ta daki leɓen rami ta dawo.

Shi ko kallon ƙwallon bai yi ba. Ƙasa yake kallo.

"Kina ɗaga dunduniyar dama," ya ce.

"Haka ake tsayawa."

"Haka marigayi yake tsayawa. Allah ya jiƙansa. Ƙafarsa ta dama gajera ce, in ya tuɓe takalmi dole ya ɗaga dunduniya don ƙugunsa ya daidaita. Shi in ya ɗaga, daidai yake komawa. Ke ƙafafunki tsawonsu ɗaya. In kin ɗaga, karkacewa kike yi, ƙugu ya karkace, kafaɗa ta bi shi, sandar ma ta bi. Ina jin daga nan ciwon bayanki yake."

 Nas ta sunkuya ta leƙa ƙafata, ta ce, "Wallahi kuwa. Mu ai ba ki taɓa ce mana mu ɗaga ba."

Ban taɓa ce musu ba, don shi ma bai taɓa ce mini ba. Gani na yi na ɗauka. Shi kuma kullum daga gaba yake tsayawa yana duba hannuna da haɓata, ƙafata tana cikin doguwar riga a bayan tebur.

Na juya na kalli Mai Takalmi.

"Malam, ka taɓa riƙe sandar nan a rayuwarka?"

"Ban taɓa ba."

"To ka tsaya a kan takalmi."

"Kai, Anti!" in ji mai kitso.

Ya ajiye silifas ɗin a bakin ƙofa, ya jera su, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, na yi azarɓaɓi." Ya tsallaka titi.

Yanzu zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Tun kafin ya rufe baki na san gaskiya ya faɗa. Da matan suka tafi na rufe ƙofa, na tsaya a layi, na ce bari in sauke dunduniyar. Na kasa. Ba wai ƙafar ta ƙi ba, ni ce na ƙi. Rigunansa an rabar. Wayarsa tana hannun ƙanensa. Muryarsa ma ta fara ɓace mini, wani lokacin sai na rufe ido na yi ta lalube kafin in ji ta. Ashe akwai abu ɗaya nasa da ya rage wanda ba wanda ya isa ya raba, yana nan a ƙafata ban sani ba. Yanzu da na sani, in sauke shi da kaina?

Satin nan har ƙara ɗaga ta na riƙa yi. Bayana kuwa ya rama, ranar Juma'a a zaune na yi salla.

Saƙon safe ya daina zuwa. Kwana ɗaya, biyu, uku. Na ce a raina ai gara haka. Amma sai in tsinci kaina ina duba waya ina tafasa ruwan shayi, ina dubawa ina shanya. Ta taga ina hango shi a rumfa, kansa a sunkuye, yana yankan wani abu da wuƙa yana gwadawa da yatsa.

Rana ta biyar, saura mako guda, ya sake sallama. Ni kaɗai ce, matan ba su iso ba. Ina sanye da doguwar riga ruwan toka da baƙin hijabi. Na bar ƙofar a buɗe, ya tsaya daga bakinta, ya miƙo leda.

Takalmi ne wari ɗaya. Na hagu. Baƙar fata mai laushi, ƙasansa da kauri yatsa biyu.

"Ina ɗayan?"

"Babu ɗaya. Na yi tunani ne. In haka kike son tsayawa, ba ni da hurumin hana ki. Ki sa wannan a hagu, dama ki bar ta ba takalmi. Hagu za ta fi tsawo da yatsa biyu, kamar yadda tasa take. In kin ɗaga dunduniya, ƙugunki zai daidaita. Ki tsaya irin tsayuwarsa, bayanki kuma ya huta, Inna ta bar miki teburinki."

Na kalli takalmin, na kalle shi.

"Ka san don me nake ɗagawa?"

"Na sani. Ni ma har yau gefe ɗaya na katifa nake kwana."

Na zauna a kujerar roba na sa. Ya zauna mini cif, ko matsi babu. Na jera ƙwallo, na ja baya taku biyu. Rabi. Dama a layi, hagu gaba da gefe, na sauka. Karon farko cikin shekara guda ban ji wuƙar nan a ƙuguna ba. Na buga. Ta shige tsakiyar rami ko gefe ba ta taɓa ba.

Na miƙe da murna zan zagaya in ɗauko ta. Taku uku na yi na tsaya cak. Ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi. Ɗaya mai nauyi, ɗaya marar nauyi. Tafiyarsa ce a ɗakin nan in ya tuɓe takalmi, wadda nake ji daga kicin in san ya zagaya wajen taga. Shekara biyu ban ji ta ba, sai ga ta tana fita daga ƙafafuna.

Kukan da ban yi ba ranar Talatar nan, shi na yi. Na dafa teburin na yi shi har ya ishe ni. Mai Takalmi ya juya baya yana kallon titi, bai ce yi haƙuri ba. Wani mai babur ya tsaya zai leƙo, na ji ya ce masa, "Ba a buɗe ba tukuna."

Da na share fuskata sai wani tunani ya zo mini, a hankali, ba da ƙarfi ba. Mai Tebur bai taɓa son ɗingishinsa ba. Duk ɗaga dunduniyar nan da yake yi, nema yake ya tsaya daidai kamar kowa. Ni da Allah ya ba ni abin da yake nema, na shekara takwas ina gudunsa, yau har an yi mini takalmin da zai gajarta mini ƙafa. Da yana nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Na tuɓe takalmin. Na tsaya ba komai a ƙafata. Na ja baya, na auna, na ɗora dama a layi, na sauke dunduniyar har ƙasa. Simintin da sanyi. Ban taɓa jin sanyinsa a wajen nan ba.

Na buga, ta kauce.

"Ni dai ban san ko daidai ne ba," in ji Mai Takalmi daga ƙofa.

"Ba daidai ba ne. Yi shiru."

Na tashi, na koma baya, na sake shigowa. Ta sake kaucewa, amma ta wancan gefen da ba ta taɓa bi ba. A ta uku ta shiga.

Ƙarshen wata Inna ta zo da kanta, ba mota. Ta jefar da makullinta a tsakiyar falo ta ce in ɗauko. Na sunkuya na ɗauko. Da ɗan sauran ciwo, amma ban dafa komai ba.

"Wane likitan ne?"

"Mai Takalmi ne."

Ta kalli Yaya, Yaya ta kalli silin tana cije leɓe.

"To," in ji Inna. "A ce masa ina son ganinsa."

Sau huɗu ina ɗaukar saƙon murya ina gogewa. Na biyar na tura masa yadda ya fito. Na ce Inna ta ce ya zo su gaisa ranar Asabar, ni ma ban ƙi ba. Na ce amma akwai magana ɗaya, gara ya ji tun yanzu: takalmin nan na hagu ba zan yar ba, ba kuma zan ɓoye ba, zai ci gaba da zama a ƙarƙashin tebur ko bayan an ɗaura, kuma zan riƙa sa shi.

Na ga ya saurara. Na ga yana ɗaukar murya, ya daina, ya sake. Minti uku ina riƙe da waya kamar mai riƙe da kofi cike da ruwan zafi. Sai ya shigo, daƙiƙa shida.

"Allah ya kai mu Asabar. In ƙasansa ya cinye, ki kawo in sake masa."

Asabar ɗin jibi ce. Ban san me zan sa ba, Yaya ta kawo kaya kala uku duk na ce sun yi haske.

Kullum da safe, kafin in buɗe wa matan ƙofa, nakan jawo warin takalmin in sa a hagu. In ajiye ƙwallo ɗaya, rabi, in ja baya taku biyu, in shiga, in ɗaga dunduniya in buga. In zagaya teburin sau ɗaya a hankali in ɗauko ta. Daga nan sai in tuɓe shi in mayar wurinsa, in sauke dunduniyata ƙasa, in je in zare sakata.